Zare: Kofi mai ƙanƙara da ruwan kwakwa, yadda nake haɗa shi a gida

1/ Duk wanda zafin Afrilu ya taɓa kamawa da ƙarfe biyun rana, ga aiki jibge ga barci na fizgar ido, ya matso kusa. Yau maganar abin shan da ya fi komai yi min rana a 'yan shekarun nan zan yi: kofi mai ƙanƙara da ruwan kwakwa. Ba madara, ba suga, ba wata na'ura mai tsada. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara raba gardama, don na san wani zai faɗo yana cewa "ai na sani, da madarar kwakwa ake yi". Abu biyu ne daban. Ruwan kwakwa shi ne wanda kake jin motsinsa in ka girgiza ta, garai-garai kamar ruwan sha. Madarar kwakwa kuwa sai an kankare farin naman, an markaɗa, an tace. Fara ce tas, ga kauri ga maiƙo. Namu na yau da ruwan ne.

3/ Sai kuma rigimar da Hausa ta haɗa mu da ita: abin shan sunansa kofi, mazubin ma kofi. To a zaren nan duk inda na ce kofi, abin shan nake nufi. Mazubin zan kira shi tambulan, kada a ce na ce a zuba kofi a kofi a sha kofi.

4/ Ga dalilin da ya kai ni. Shekara uku ke nan da likita ya tabbatar wa Babanmu yana da ciwon suga. A ranar Umma ta kafa doka: lemon kwalba ya daina shiga firjinta. Ta ce, "Ba zai yiwu mahaifinku yana zaune yana kallo kuna kwankwaɗar abin da aka hana shi ba." Babu wanda ya ce uffan, don gaskiya ta faɗa.

5/ Kuma lissafi yana bayanta. Robar lemo mai rabin lita takan ɗauki suga wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babban mutum, in ya sauka zuwa 25 ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye maka kason yini guda.

6/ Ƙari a kan haka, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da irin ciwon sugan da kan zo da girma, shi ma ya fi wasu kusa da shi. Wato dokar Umma ba Baba kaɗai ta kare ba, har da mu. Sai dai doka ba ta rage zafin Kano. Daga Maris zuwa Mayu, ranar da ma'auni ya taɓa digiri 40, maƙogwaro ba ya jin wa'azi.

7/ Zoɓo da kunun aya suna nan, Allah ya bar mana su. Amma na sayarwa yawanci an narka musu suga, na gida kuma duk daɗinsa ba ya korar barci. Shayi mai zafi da tsakar rana sai masu ƙarfin hali. Abu uku nake nema a tambulan ɗaya: sanyi, wartsakewa, da zaƙin da bai wuce kima ba.

8/ Ruwan ɗanyar kwakwa na san shi tun ina bautar ƙasa a Legas, can wajen Badagry, inda bishiyoyin kwakwa suka yi layi a bakin teku. Koriya ce, ƙatuwa. Mai sayarwa zai sa adda ya fafe kanta sau uku huɗu ya miƙo maka, ka kafa kai. In ka gama ya raba ta biyu, ka kwashi naman da ke ciki mai laushi kamar kindirmo.

9/ Haɗa shi da kofi kuwa a bidiyoyin shagunan ƙasar Tailan na fara gani. Can abu ne na yau da kullum: a cika tambulan da ƙanƙara, a zuba ruwan kwakwa, a tsiyaya baƙin kofi mai ƙarfi a kai. Suna da wata irin kwakwa mai ƙamshi da suke kira Nam Hom, ana nomanta sosai a lardin Ratchaburi, ruwanta ya shahara wajen zaƙi.

10/ Maƙwabtansu 'yan Biyetnam su ma suna da kofin kwakwa, amma nasu da madarar kwakwa ne da madarar gwangwani mai zaƙi, a markaɗe da ƙanƙara. Biyetnam ita ce ta biyu a duniya wajen noman kofi bayan Barazil, kuma yawancin nasu irin robusta ne mai ɗaci, shi ya sa suke lulluɓe shi da zaƙi. Daɗi ba a magana, amma ya saɓa dokar Umma.

11/ A ƙasar Sin kuma, kamfanin Luckin Coffee ya fito da kofi mai madarar kwakwa a 2021, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi yi masa kasuwa, sauran shaguna suka bi sahu. Daga irin waɗannan wuraren ne haɗin kofi da kwakwa ya cika TikTok da Instagram har ya iso wayoyinmu.

12/ Shi kansa kofi mai sanyi tsoho ne. Akwai wani mai suna mazagran, ana danganta shi da sojojin Faransa a sansanin Mazagran na Aljeriya a 1840, masu shan kofi da ruwan sanyi saboda zafi. A 1957 kuma, a bajekolin birnin Tasalonika na ƙasar Girka, wani ma'aikacin Nestlé mai suna Dimitris Vakondios ya girgiza Nescafé da ruwan sanyi, aka samu frappé. Ku riƙe wannan, za mu yi amfani da dabararsa.

13/ Na san masu cewa "wannan ai iyayi ne, kayan Turawa". Malam, kofi ɗan Afirka ne. Asalin irin arabika daga tsaunukan Habasha yake. A Yaman aka fara shan sa yadda muka sani, a ƙarni na 15, kuma sufaye ne suke sha don su raya dare da ibada. Kalmar gahawa da muke faɗa daga Larabci ta zo. Sai daga baya ya tsallaka Turai.

14/ 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san jabana, kofin da ake dafawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. A nan gida ma ana noman kofi a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kuma tsaunukan Jos. Kwakwa kuwa Indunusiya, Filifin da Indiya ne kan gaba wajen nomanta. To ina Baturen yake a cikin tambulan ɗin nan?

15/ Me ya sa haɗin yake tafiya? Baƙin kofi mai sanyi yana da ɗaci da ɗan tsami. Ruwan kwakwa yana da ɗan zaƙi da ɗan gishiri-gishiri. Zaƙi yana rufe ɗaci, gishiri kuma yana dushe shi a harshe, shi ya sa wasu ke jefa ƙwayar gishiri a kofinsu. Sai ka ji ɗacin ya kwanta, ƙamshin kofin ya fito, garɗin kwakwa ya biyo baya.

16/ A lissafi, kusan kashi 95 cikin 100 na ruwan kwakwa ruwa ne zalla. Sugan da ke ciki 'yan giram ne a kowane mililita 100, ya danganta da irin kwakwar da girmanta. A tambulan ɗin da nake haɗawa da mililita 150, sugan bai kai giram 10 ba. Ku ajiye shi kusa da giram 50 na robar lemo ku ga tazara.

17/ Yanzu zaɓen kwakwa. Wadda ta fi ita ce ɗanya koriya, 'yar wata 6 zuwa 7 a bishiya. A lokacin ruwanta ya cika, zaƙinsa ya kai, naman bai yi tauri ba. Guda ɗaya takan ishi tambulan biyu. Mutanen Legas, Fatakwal, Kwatano da Akara, ku kam kun huta, a bakin titi ma kuna samu. 'Yan Agege da 'yan Nima, ku gode wa Allah.

18/ Mu 'yan Arewa abin da ya fi zuwar mana ita ce busasshiya mai gashi, wadda ta kai wajen shekara a bishiya, irin ta kunun aya da dabino. Ruwanta kaɗan ne, don yawancinsa ya koma nama, zaƙinsa ya ragu, kuma akwai ɗan maiƙo. Tana yi, sai dai za ka buƙaci biyu ko uku kafin ka cika tambulan. Da babu gara ba daɗi.

19/ In za ka saya, ɗauke ta ka ji nauyi, ka girgiza kusa da kunne. In ba ka ji ruwa yana motsi ba, ajiye musu kayansu. Duba idanun nan uku na kanta: kada su zama da danshi, ko fumfuna, ko tsaga. Duba jikinta ma. Kwakwar da ta tsage iska ta shiga, ruwanta ya riga ya fara lalacewa ko da ba ka gani ba.

20/ Wajen fasawa, kada ka fara da buga ta a ƙasa ruwan ya bi rariya. A cikin idanun uku akwai ɗaya mai laushi. Sa tsaftatacciyar ƙusa ko bakin sukudireba ka huda shi, ka huda na biyu don iska ta samu hanya, ka kifa ta a kan kwano ta mataci. Kowace kwakwa ka tsiyaye ta daban, ka shinshina, ka ɗanɗana, sannan ka haɗa. Ɓatacciya ɗaya tana ɓata sauran.

21/ Akwai kuma na kwali da na gwangwani a manyan kantuna. In shi za ka saya, juya bayansa ka karanta. Wanda aka rubuta ruwan kwakwa kashi 100 kake nema. Da yawa daga na gwangwani, musamman masu gutsattsarin nama a ciki, an ƙara musu suga, ka ga an koma gidan jiya. Na kwali an dafa shi don ya daɗe, ɗanɗanonsa bai kai na sabo ba, amma da kofi yana wucewa.

22/ Ƙanƙara. Wallahi nan ne ake raina abu kuma nan ne hatsarin yake. Daskarewa ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta. Ruwan da bai da tsafta in ya zama ƙanƙara, yana narkewa ya koma yadda yake. Ƙatuwar ƙanƙarar da ake saya a sa a kula don sanyaya kaya, aikinta ke nan, ba ta shiga tambulan. Da ruwan da ka yarda ka sha za ka yi taka.

23/ Wanda bai da farantin ƙanƙara, ya wanke ledar fiya wata ya jefa a firiza, in ta daskare ya naɗe ta a tsumma mai tsafta ya buga da taɓarya. Manyan gutsattsari sun fi ƙanana, don sun fi jinkirin narkewa. Ƙanƙarar da aka niƙe lilis minti biyar ba ta yi a zafinmu, sai ka tarar da tsararon ruwa mai launin kofi.

24/ Dabarar da na fi so: in wuta ta samu ta zauna, zuba ruwan kwakwar kansa a farantin ƙanƙara ya daskare. Ko ka daskarar da kofin. Ta haka duk narkewar da za ta yi ɗanɗano take ƙara maka. Kuma wannan ita ce hanyar adana ruwan kwakwar da ya yi saura, tunda shi ba ya jure ajiya.

25/ Hanya ta ɗaya, ta mai Nescafé ko duk wani kofi mai narkewa. Baƙi zalla fa, ban da na leda mai haɗe da madara da suga.
Cokalin shayi 1 da rabi na kofi.
Babban cokali 3 na ruwan ɗumi.
Mililita 150 na ruwan kwakwa mai sanyi, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata.
Ƙanƙara 5 ko 6.

26/ Narka kofin a ruwan ɗumin, ka bar shi ya huce. Zuba ƙanƙara a tambulan, zuba ruwan kwakwa. Sai ka kifa cokali a saman, ka tsiyaya kofin a hankali ta bayansa. Zai tsaya a sama baƙi, ƙasa kuma garau, kala biyu gwanin kyau. Masu ɗaukar hoto ku yi sauri ku ɗauka. Sannan a juya kafin a sha, in ba haka ba kurɓin farko ɗaci ne zalla.

27/ Ga inda dabarar mutumin Girka take shigowa. Zuba kofin da babban cokali 3 na ruwan sanyi a 'yar roba mai murfi, rufe, ka girgiza da ƙarfi kamar minti ɗaya. Zai tashi ya zama kumfa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa. Juye a kan ruwan kwakwa da ƙanƙara. Ba bilenda, ba wuta, ƙarfin damtse kawai. Ƙanwata wannan take so, wai ya fi kama da na shago.

28/ Hanya ta biyu, ta mai garin kofi. Babban cokali 2 cike, wajen giram 15, a ruwa mililita 100 kacal. In ruwan ya tafasa sauke shi ya yi kamar rabin minti kafin ka zuba, don tafasasshen ruwa yana fito da ɗaci da bauri. Rufe minti 4, tace da farin ƙyalle mai tsafta, bari ya huce. Wannan zai yi tambulan biyu.

29/ Ka lura ruwan kaɗan ne da gangan. Kofin da za a sha da ƙanƙara dole ya fi na kullum ƙarfi kamar ninki biyu, don ruwan kwakwa da ƙanƙara za su tsinka shi. Kuma a bar shi ya huce tukuna. Mai zafi in ya hau ƙanƙara nan take yake narkar da ita, ka rasa sanyin ka rasa ƙarfin.

30/ Hanya ta uku, jiƙon sanyi, ita ce sarauniya. Garin kofi mai tsakin-tsaki giram 50 a ruwan sanyi mililita 400, wato ɗaya bisa takwas. Zuba a kwalba, juya, rufe, sa a firji awa 12 zuwa 18. In ka jiƙa bayan Isha, kafin Azahar ya yi. Tace sau biyu. Ɗacinsa a kwance yake, ba ya kartar maƙogwaro. Rabi shi, rabi ruwan kwakwa.

31/ Wasu suna jiƙa garin kai tsaye a cikin ruwan kwakwa. Inda wuta ba ta ɗaukewa, ba laifi. Amma mu da firji kan yi rabin yini a kashe, ruwa mai suga da ya kwana a ɗumi tsami yake yi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Jiƙa a ruwan sha zalla, ka haɗa da ruwan kwakwa lokacin da za ka sha.

32/ Gyare-gyare. In ruwan busasshiyar kwakwa ne kuma ka ji shi lami, jiƙa dabino 1 a ɗan ruwan zafi, murje, tace, zuba. Amma ka sani dabino ma suga ne, kada a mayar da shi 5. Ɗanyar citta 'yar yanka a cikin kofin yana zafi tana kai ka Sudan. Kirfa kaɗan ma tana shiga. Kanumfari kuwa yana danne ƙamshin kwakwar, ni ba na sawa.

33/ Masu cewa ba sa iya shan abu ba fari: babban cokali 1 ko 2 na madarar kwakwa a sama ya wadatar, kuma daga naman kwakwar da ka fasa za ka yi ta. Madarar gari ko ta gwangwani tana rufe ɗanɗanon ruwan kwakwar gaba ɗaya, sai ka yi asarar kuɗin kwakwa a banza. In madara kake so, yi kofi da madara abinka, ka bar kwakwa ta huta.

34/ Ajiya. Muddin kwakwa tana rufe ba tsaga, ruwanta a killace yake. Da ka huda, agogo ya fara. Sha a ranar, ko ya kwana ɗaya a firji mai sanyi. In ya koma ruwan hoda kaɗan, yawanci iska ce ta taɓa sinadaran cikinsa. Amma in ya yi tsami, ko yauƙi, ko wari, ko kumfa, zubar. Kada ka ce kofi zai rufe.

35/ Ba tsoratarwa ba ce. A 2021 wata mujallar likitoci ta wallafa labarin wani dattijo ɗan shekara 69 a Danmak da ya kurɓi ruwan kwakwar da aka riga aka fere, wadda ta yi wajen wata guda a kan tebur ba a firji ba. Ya ji ɗanɗanon ya ɓaci, kaɗan ya haɗiya. Gubar wata fumfuna ce a ciki, kuma ta yi ajalinsa. Kwakwar da aka fere, firji ne wurinta.

36/ Waɗanda ya kamata su yi hattara. Ruwan kwakwa yana da sinadarin fotasiyam da yawa, wajen miligiram 250 a mililita 100. Tambulan cike ya fi ayaba ɗaya. Ga mai lafiya alheri ne. Ga mai ciwon ƙoda kuwa hatsari ne, don ƙodar ba ta iya fitar da rarar, kuma yawansa a jini yana rikita bugun zuciya. Wasu magungunan hawan jini ma suna tara shi a jiki. A tambayi likita tukuna.

37/ Sai kafeyin, sinadarin da ke korar barci. Ga babban mutum mai lafiya, masana sun sa iyaka a miligiram 400 a yini. Mai juna biyu 200. Kofin gari da aka dafa, mazubi ɗaya yakan kai wajen 95. Robusta yana da kusan ninki biyu na arabika. Matsalar mai sanyi ita ce yana wucewa kamar ruwa, kafin ka ankara ka sha uku, hannu yana rawa. Yara kuma a ba su ruwan kwakwar zalla.

38/ Jiki yana ɗaukar wajen awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da ka sha. In ka sha da ƙarfe 5 na yamma, ƙarfe 10 na dare rabinsa yana nan yana yawo a jininka. Shi ya sa nawa tsakanin hantsi da Azahar ne, bayan La'asar an rufe shago. Da azumi kuwa sai bayan an sha ruwa an ci abinci, rabin tambulan, in akwai niyyar tsayuwar dare.

39/ Camfe-camfe biyu. Tun muna yara ake ce mana ruwan kwakwa yana sa daƙiƙanci. Da haka ne da mutanen Kerala ta Indiya, waɗanda kwakwa ke cikin kusan kowace tukunyarsu, ba su zama kan gaba a ƙasarsu wajen iya karatu da rubutu ba. Ina zargin manya ne suka ƙirƙiro don su shanye abinsu. Na biyu, wai yana karya guba ko maganin da aka sha fiye da kima. Wanda ya sha guba asibiti za a kai shi, da gudu.

40/ Haka kuma kada wani ya sayar muku da shi a matsayin maganin suga, ko na rage tumbi, ko na wanke ciki. Abin sha ne mai daɗi wanda sugansa bai kai na lemo ba, iyakarsa ke nan. Mai ciwon suga ma sai ya lissafa shi cikin abincinsa. Ruwan sha dai shi ne uban tafiya, ba abin da ya maye gurbinsa.

41/ A gidanmu, ranar da na fara miƙa wa Umma na ce, "Umma ki ɗanɗana ki ji." Ta kalli tambulan ɗin ta ce, "Kai yaron nan, wannan baƙin ruwan kuma na mene ne?" Ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa. Sai ta ce, "Ba laifi. Amma ka rage ɗacin." Wanda ya san iyayenmu mata ya san "ba laifi" lambar yabo ce. Nata yanzu cokali ɗaya ake sawa.

42/ Baba kuwa ba ya sha, saboda irin maganin hawan jinin da yake kai, likitansa ya ce ya bar ruwan kwakwa. Nasa baƙin shayi ne ba suga, da na'ana'a, a sanyaya. In rana ta take muna zaune a zaure, kowa da tambulan ɗinsa yana raɓa, babu mai ɓoye abin da ke hannunsa in ya ji takunsa. Ya taɓa ce min, "Allah ya yi albarka." Wannan ya fi min kofin.

43/ Maganar kuɗi. Ban hana kowa zuwa shagunan kofi na zamani ba, wurin zama ne mai daɗi, ga sanyin na'ura ga intanet. Amma abin da za ka biya a tambulan ɗaya can, haɗe da kuɗin abin hawa, zai haɗa maka na kwanaki a gida. Akwai matasa da yawa da ke ganin hotunan nan suna jin kamar an bar su a baya. Cokali ne da roba da ƙanƙara, ɗan'uwa. Ba wanda ya fi ka.

44/ Kuma ba a asarar komai. Naman kwakwar ya shiga kunun aya, ko a yi madara a dafa shinkafa da ita, ko a goge a yi wa yara kwakumeti. Ƙoƙon yana ci a murhu kamar gawayi. Tuƙar garin kofi a zuba a ramin takin gida. Kwakwa uku da ka fasa don tambulan ɗaya sun ciyar da gida.

45/ A taƙaice, ga mai son ajiyewa:
Kofi mai ƙarfi, a bar shi ya huce.
Ruwan kwakwa sabo, a shinshina a ɗanɗana.
Ƙanƙara daga ruwan da ka yarda da shi.
Kashi 1 kofi, kashi 3 ruwan kwakwa. Jiƙon sanyi kuma rabi da rabi.
Kafin La'asar.
Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin hawan jini su fara da likita.

46/ Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya haɗa ya ajiye mana hoto a ƙasa, ya faɗi garin da yake da irin kwakwar da ya samu. 'Yan Gembu da 'yan Jos, musamman ku nake jira: wanda ya san inda ake samun gasasshen kofin gida mai kyau ya faɗa mana, mu daina dogara da na gwangwani kaɗai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana damina mai albarka.